Rasuwar Gurnani, Jitar Baba Ɗalibi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da murya ƙasa-ƙasa, iyalan mai gyaran firij da 'yan ajinsu ke kira Baba Ɗalibi suna sanar da rasuwar jitarsa ta bes mai kaurin murya, Gurnani, bayan shekara talatin da shida tana hidima.

Marigayiya ba mai son a gan ta ba ce. A wurin biki can baya take tsayawa kusa da mai ganga, ta ce dum, dum, durum, sai ka ji abin a ƙirjinka. Ba ta taɓa katse mawaƙi ba. Laifinta ɗaya, kuma matar gidan ba za ta ɓoye ba: sau biyu tana raba mai ita da makaranta tun yana saurayi.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da ya shiga jami'a yana da shekara hamsin da ɗaya, ya tare a ɗakin ɗalibai. Duk makaɗi ya san in za a daɗe ba a taɓa jita ba, sassauta tsirkiyarta ake yi. Shi ma ya sani sarai. Ya ƙi, wai ai Asabar zai dawo gare ta. Asabar ɗin nan shekara uku ke nan! Tana jingine bayan kabad, tsirkiya huɗu suna jan wuyanta yana lanƙwashewa. Talata da hantsi matarsa na shara ta ji ƙas, sannan wani dogon nishi da har yanzu bai bar kunnenta ba.

Ta bar sifika ɗaya mai tari, da igiyar ratayawa, da maigidanta, wanda bai sani ba.

Don Allah jama'a, a kame baki. Jarrabawar ƙarshe yake rubutawa, saura takarda biyu. Matarsa ta san halin kayanta, in ya ji, ajiye biro zai yi ya taho, kuma a wannan shekarun ba mai sake komawa aji. Tsoro take ji, wallahi. Wanda ya haɗu da shi ya gaishe shi da karatu kawai, ban da doguwar fuska.

Za a rufe marigayiya cikin akwatinta ranar Alhamis da la'asar, a falon gidan, da zarar ya fito daga takardar ƙarshe. Har yanzu ba a sami wanda zai tare shi a bakin ƙofa ba. Da safen nan ya aiko saƙo a goge mata ƙura, ya sayo mata sababbin tsirkiya.