Yadda Barewa Ta Bar Ɗorawa

Ranar Talata, bakwai ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar tsohon siton auduga na garin Ɗorawa, samari dogaye suka yi ta fitowa suna sunkuyar da kai. 'Yan ƙwallon kwando ne na ƙungiyar Barewa. Mai ƙungiyar, Alhaji Cindo, shi ya kwaso su daga babban birni ya kawo su mahaifarsa. Ɗorawa ta wuce ƙauye, ba ta kai birni ba. Hukumar gasa ta ba shi shekara guda: in garin ya nuna zai iya riƙe ƙungiya, a rushe kasuwar hatsi a gina babban zauren wasa, in bai iya ba, Barewa ta koma inda ta fito.

Gidan da ke jikin siton na Nomau ne. Su uku ne a ciki: shi, da matarsa Tasalla mai sayar da daddawa a kasuwar hatsi, da mahaifiyarsa Inna Kuluwa, wadda idonta ya tafi amma kunnenta na nan garau. Nomau mutum ne wanda in an ce masa abu, ba ya ƙari, ba ya ragi. Shi aka ɗauka gadi da shara a siton, inda aka mayar filin wasa. Tun ranar da ya ji ƙarar ƙwallo a kan siminti, ransa ya kama wasan nan.

Wata rana Koci Bitrus, mai horar da 'yan wasa, ya ce masa, "Duk abin da ka ga ya huje, ka ɗinke." Nomau ya ɗinke riguna, ya ɗinke jakunkuna. Da ya ɗaga kai ya ga ragar kwando biyu ba su da gindi, sai ya aro tsani da basilla. Kashegari ƙwallon farko da aka jefa ta shiga ta zauna daram.

"Wa ya yi wannan aika-aika?" in ji Koci.

"Ni ne, Koci. A da, duk abin da kuka zuba zubewa yake yi."

Wata rana Alhaji ya ce, "Ba tikiti, ba shiga, ko waye." Nomau ya tokare ƙofa da sanda. Alƙalin wasa ya zo da usur a wuya, ya mai da shi. Baƙin 'yan wasa suka zo, ya mai da su. Alhaji kansa ya zo.

"Kai, ba ka gane ni ba?"

"Na gane ka sarai, ranka ya daɗe. Kai ne ka ce ko waye."

Ba a fara wasan ba sai bayan la'asar, rabin 'yan kallo sun watse.

Wata rana Koci ya ce, "Share filin nan kamar yadda kake share ƙofar gidanka." Nomau kuwa bai taɓa share ƙofar gida ba sai ya yayyafa ruwa. Ya yayyafa wa simintin bokiti guda. Ayuba, wanda ya fi kowa iya jifa, ya shigo da gudu, santsi ya kwashe shi, ƙafa ta goce. Bai ƙara wasa ba a shekarar. Nomau ya riƙa kai masa kunu asibiti, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya, don ba ya iya haɗa ido da shi.

Duk wannan lokaci, ba masoya ke cika siton ba. Alhaji kan aika a kwaso mutane daga tasha, a raba musu shinkafa, su yi tafi su tafi.

Wata rana, ranar wasan ƙarshe, da jami'in hukuma zai zo ya gani da idonsa, Alhaji ya ba Nomau babbar mota da direba. "Zaga gari, duk mai son ƙwallon nan ka kawo min shi." Nomau ya yi murna, ya ce yau zai wanke laifinsa. Ya fara da tasha.

"Kana son ƙwallon kwando?"

"Akwai shinkafa?"

"Ba a ce min ba. Kana so?"

"Ni ta ƙafa nake kallo."

"To zauna abinka."

Sarkin fawa ya ce shi bai ga bambancinsa da carafke ba, aka bar shi. Da ya tambayi Tasalla, ta ce, "Maigida, ni dai rumfata nake so." Ita ma ya bar ta. Motar da ke ɗaukar buhu ɗari biyu ta dawo da mutanen da ba su cika benci ɗaya ba.

Alhaji ya dubi benci, ya dubi Nomau. "Ka kashe ni."

"Ranka ya daɗe, masu so ka ce. Ga su, ban bar ko ɗaya ba."

Jami'in ya daɗe yana kallon siton, sannan ya ce, "Alhaji, gara da muka gani yau, tun kasuwa na tsaye."

Barewa ta koma birni kafin damina. Kasuwar hatsi tana nan inda take, kuma 'yan kasuwa har gobe kan ce Nomau ya fi su duka hankali. Shi bai taɓa yarda ba. Ran da Tasalla ta yi masa godiya, bango ya juya wa fuska. Koci ya bar masa ƙwallo guda, Nomau yana share siton kullum, ba ya yayyafa ruwa.

Waɗanda ya ɗauko a motar nan su ne suka rage, suna zuwa kowace yamma: Malam Iliya, tsohon malamin firamare, 'yan mata huɗu na sakandare da malamarsu Rifkatu, Sale mai faci, wanda ke hura ƙwallon, wani kurma da ba a san sunansa ba, da Inna Kuluwa, wadda ake zaunarwa kusa da kwando, in ta ji raga ta motsa ta ce, "Ɗan nan, ta shiga?"