Rigar Babana a Ƙauyen Inabi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Turawa suka cire mini hula ba. Ko yanzu in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sana'ata gyaran ganga, irin ta katako da ake zuba giya. A nan Bahiya aka haife ni, birnin masu jin Fotugis a ƙetaren teku inda ake kawo bayi, can ƙasan gari inda jirage ke sauke kaya, kuma tun ina saurayi nake aiki a siton wani Bafaranshe mai shigo da giyar inabi, Sinyo Luwi. (Kafin ka harare ni: katakon kawai nake taɓawa, abin da ke ciki tsakaninsa da masu sha ne. Haka nake gaya wa matata Habiba, ita kuwa har yau ba ta gamsu ba.) Wata shekara gangunan suka riƙa isowa suna yoyo, sai maigida ya ce in raka shi ƙasarsu in ga yadda ake haɗa su tun daga tushe.

Da Habiba ke shirya mini kaya, na buɗe ƙasan akwati na ciro rigar babana. Shi, Allah ya jiƙansa, daga ƙasar Katsina aka kamo shi, ya yi dako har ya fanshi kansa, abin da ya bar mini kuwa farar babbar riga ce da hula. Tun bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi kafin a haife ni, ba mai sa irin wannan riga ya fita titi sai mai neman kwana a hannun 'yan sanda. A ɗaka kawai nake sa ta, ranar sallah, ƙofa a rufe.

"Malam, me za ka yi da wannan a ƙasar mutane?" in ji Habiba.

"Can ba wanda zai hana ni," na ce. "Ina so rana ta gan ta ko sau ɗaya."

Ta dube ni, ta ninke rigar, ta sa cikin kayana.

Daga Bordo, inda jirginmu ya sauke mu, muka shiga keken doki muna bin ƙauyuka. Gaskiya ƙasar tana da kyau. Tuddai ne a jere, kowanne an tsefe shi da layukan inabi kamar kitson amarya. Gidajen duk na dutse ne mai launin zuma, wasu sun girmi kakan kakana, ga tsohuwar ganuwa da ciyawa ta haye. Ni dai baki a buɗe nake tafe, maigida yana ta nuna mini abubuwa kamar shi ya gina su.

Ƙauyen da muka kwana a kan tudu yake, lungunansa matsattsu, a shimfiɗe da duwatsu. A nan tsohon da maigida ke sayen kaya wurinsa yake zaune. Da na farka da safe maigida ya riga ya fita. Matar da ke riƙe da masaukin ta tsare ni ta yi mini dogon bayani da Faransanci, tana nuna ƙasan gari, tana girgiza kai. Kalmomi biyu na sani a harshen nan, don haka na ba ta ɗaya. "Wi, wi," na ce, ina gyaɗa kai kamar malamin da aka kawo wa fatawa. Na koma ɗaki na zura rigar babana, na kafa hula, na sa sabon takalmina mai matse yatsu, na fito shan iska.

Ina shiga babban lungun da ke gangarawa, ƙararrawar coci ta fara bugawa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gasa burodi ya fito ƙofar shagonsa ya cire hula. Na gaba da shi ma ya cire. Mata suka leƙo, suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa har da durƙusawa.

Ka fahimce ni. Ni mutum ne da tun ina yaro in Bature ya taho, ni ke kaucewa in ba shi hanya. Ba a taɓa ce mini sannu da zuwa a ƙofar gaba ba. Yau ga Turawa reras, kai ba hula, ido a ƙasa, ina wucewa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na ce a raina, Baba, ga rigarka, ga ranarta.

Sai na rage tafiya. Na buɗe kafaɗu, na saɓa hannun riga, na shiga takawa ɗai-ɗai irin ta manya. Ina ɗaga wa na dama hannu, ina ɗaga wa na hagu. Can na ji takun mutane a bayana, da yawa, da wata murya tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na ce to, har da rakiya da kirari. Ban waiwaya ba, don babban mutum ba ya waiwaye. (Ni da na girma a garin da ko'ina ka juya coci ce, na san ƙararrawar mutuwa kamar yunwar cikina. Amma a Bahiya da yamma ake fita da gawa, da kyandira da hayaniya. Wannan shi ne uzurina, kuma na san bai kai ba.)

Lungun bai da faɗin da za a wuce ni, ga riga na baza ta cika hanya. Ina rage sauri, na baya suna ragewa. A wani wuri ma na tsaya cak ina kallon wata taga mai furanni, su ma suka tsaya suna jirana.

Hanyar ta ƙare a wata ƙofar ƙarfe a buɗe, da dogayen itatuwa a ciki. Na ɗauka lambun mai gari ne. Na ga ya kamata in gode wa jama'a kafin in shiga, don haka na juyo, na ware hannuwa, haƙora duk a waje, na saki kalmata ta biyu da ƙarfi: "Marsi! Marsi!"

Limamin coci ne a gabana, da gicciye. Bayansa ƙarti ɗauke da akwatin gawa, gumi na zubo musu, don da ganin akwatin ba ƙaramin nauyi ne da shi ba, ni kuwa na sa su tafiyar hawainiya a gangare. Bayansu wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. A gefenta Sinyo Luwi, fuskarsa ta yi jawur kamar abin da yake sayarwa. Tsohon da muka zo wurinsa ne ya rasu, abin da matar masauki ke ta gaya mini ke nan.

Hannuwana suka ƙi sauka. Gaba mutane, baya maƙabarta. Da baya-da-baya na shiga, na raɓe jikin wani kabari, na tsaya nan har aka gama binnewa, ina roƙon Allah ya mai da ni dutse.

Ashe da saura. Da aka fito, tsohuwar ta nufo ni, maigida na biye da ita. Na sadda kai ina jiran zagi. Sai ta kama hannuwana biyu ta fashe da kuka, tana magana.

"Me take cewa, maigida?" na tambaya da Fotugis.

"Godiya take yi," ya ce ta tsakanin haƙora. "Ta tambaye ni ko kai wane ne. Na ce mata babban mutum ne daga ƙetaren teku, ya zo girmama mijinta bisa al'adar ƙasarsu. Ka rufe bakinka ka gyaɗa kai, ai ka iya."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. A gidan makoki suka zaunar da ni a kujerar marigayin, 'ya'yansa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ni, ni kuwa ina karɓar godiyar alherin da ban yi ba.

Na roƙi maigida ya bar maganar a Faransa. Ya yi alkawari, ya kuma riƙe shi har muka sauka a Bahiya. Kafin mako ya zagayo, in na ratsa bakin tasha sai 'yan dako su aje kaya, su cire malafa, su jeru a bayana suna tafiya a hankali. Har Baffa Sule, abokin babana, tsohon da ba ya wasa da kowa, ya tare ni ya ce, "Ɗana, in tawa ta zo kai za ka ja gaba. Amma ka ɗan ɗaga ƙafa, kada masu ɗaukata su tsine mini."

Tun daga nan, in na ga mutane sun miƙe ko sun cire hula ina tafe, sai na waiwaya tukuna in ga wanda ke bayana. Har yau ban taɓa waiwayawa na tarar ba kowa ba.