Ranar da Aka Taimaki Bushiya

A wani daji da ke bayan wasu baƙaƙen duwatsu, dabbobi sun gaji da binne 'yan'uwansu saboda rigimar mashaya da makiyaya. Wata shekara motar fatake ta kife a bakin dajin, birai suka kwaso kaya, a ciki har da na'urar gem da allonta da faifan sola. Manya suka zauna suka ce daga yau an daina zubar da jini. Duk masu jayayya a kan wani wuri su zo gindin kuka, kowa ya riƙe hannun gem, inuwarsa ta yi faɗa a madadinsa.

Inuwa suke ce wa hoton da ke wakiltar kowane dangi a kan allo, kuma kowace da irin dukanta. A saman allon akwai jan zare da ake kira jini. Duk dukan da ya shiga sai zaren ya ragu, wanda nasa ya fara ƙarewa ya faɗi. Turmi uku ake yi kamar dambe, wanda ya ci biyu ya ci shari'a. Gaskiya an samu sauƙi, ungulaye ne kawai suka yi ta gunaguni.

Da yake dabba ba ta iya zama babu majalisa, sai aka kafa Majalisar Daidaita Duka, wadda aikinta shi ne ta duba ko wata inuwa ta fi ƙarfin sauran. Shugabanta raƙumin dawa ne mai suna Ɗanrimi. Daga inda kansa yake ba ya ganin allon sosai, amma yana jin shewar 'yan kallo, kuma da ita yake auna adalci. In majalisa ta yanke hukunci, wani biri mai suna Makau ne ke buɗe na'urar ya gyara.

Mai riƙe wa bushiyoyi hannun gem ita ce Kuluwa. Allah sarki, inuwar bushiya abin tausayi ce. Ba ta naushi, ba ta shuri, ba ta tsalle. Abu ɗaya ta iya, dunƙulewa. In aka danna madannin dunƙulewar daidai lokacin da duka zai sauka, mai dukan ne zai sha ƙaya, jininsa ya ragu. In an yi gaggawa, inuwar za ta warware kafin dukan ya iso. In an makara kuwa, an sha shi ke nan. Kuluwa ta yi shekaru tana koyon wannan ɗan taƙin lokaci har yatsanta ya yi kanta. Ba ƙaho take kallo ba, ba farce ba, kafaɗar inuwar abokin faɗa take kallo, don duk duka daga nan yake tasowa. Da wannan dabara ɗaya ta riƙe wa danginta Fadamar Tsamiya, inda ƙasa ke da laima, tsutsa da gara ba sa yankewa. Banda fadamar nan bushiya ba ta da inda za ta yi reno a dajin, sai fako can bayan duwatsu, inda ko ƙadangare ba ya wuni.

Magajiya, shugabar dangin ɓauna, ta daɗe tana son fadamar don birgima. An yi mata faffaɗan hannun gem da ake takawa da kofato, kuma takawa take yi ba ji ba gani. Ta kara da Kuluwa a wasan sallah, ta sha ƙasa a gaban jama'a. Da majalisa ta zauna sai ta miƙe.

"Allah ya ja zamanin Shugaba," in ji ta. "Ni ba ƙorafi na kawo ba, tsakanina da Kuluwa sai alheri. Tambaya ce kawai. Faɗa muke zuwa yi a nan ko zaman makoki? Ni na zo da ƙaho, na zo da tunkuyi, na zo da duka a jere iri-iri, ita ta tsaya kamar an dasa ta, sai na kawo sannan ta dunƙule. Da ƙafata nake zubar da jinina! 'Yan kallo hamma suke yi. In aka bar abin nan haka, wallahi wata rana za a ce gem ba daɗi, a koma faɗan gaske. Ni zaman lafiyar dajin nan nake ji, ba kaina ba."

Ɗanrimi ya gyara murya daga can sama. "Majalisa ba ta da dangi," ya ce. "Ba mu ce bushiya ta yi laifi ba. Amma mun lura duk ranar da ta yi wasa, ba ma jin shewa. Za a yi ɗan gyara."

Ɗan gyaran shi ne aka rage taƙin lokacin dunƙulewa. Kuluwa ta koma ta sake koyo, ta ci gaba da cin wasa. Majalisa ta ga har yanzu tana ci, ta ce ashe gyaran bai isa ba, aka rage zafin ƙaya. Ta ci gaba da ci, sai dai wasan ya ƙara tsawo, hamma ta ƙaru. Sai aka ba inuwar ɓauna cafka, wadda ke ɗaga abokin faɗa ko da ya dunƙule. Kuluwa ta gano cafkar na da nauyin tashi, ta koyi ja da baya taku kaɗan. Ka ji fa, duk ƙoƙarin da ta ƙara, shi ake kawowa majalisa a matsayin shaidar cewa inuwarta ta yi ƙarfi da yawa.

Ana haka Magajiya ta shigar da ƙarar neman Fadamar Tsamiya, aka sa rana bayan zaman majalisa na gaba.

Ƙanwar Kuluwa mai suna Laure ba ta daɗe da haihuwa ba, 'ya'yan ko ƙayarsu ba ta yi tauri ba. Ta samu yayarta da safe tana motsa yatsa a kan dutse, kamar yadda ta saba.

"Yaya, in kin faɗi ina za mu?"

"Fako."

"Da waɗannan?" Laure ta nuna jariran. "Ko rabin hanya ba za su kai ba. Ki je majalisa tun kafin su sake rage wani abu. Ki roƙe su."

"Laure, majalisar nan ba ta taɓa tuna mu ba sai in za ta cire mana wani abu. Yadda inuwar take yanzu zan iya da Magajiya. Da ƙyar, amma zan iya."

"To ki je ki gaya musu haka, su bar ta. Don Allah, Yaya."

Tsoro ne ya kai ta, ba wani abu ba. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji a gaban allo ba. Ranar zaman aka ɗora ta a kan kututture don a gan ta.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya magana ba, a yi mini haƙuri," ta ce. "Inuwar zaki na da duka iri-iri, ta damisa haka, ta Magajiya haka, Allah ya ƙara musu. Tawa abu ɗaya ta iya. Kun rage lokacinsa na karɓa, kun rage zafinsa na karɓa. Ban zo neman ƙari ba. A fadamar nan akwai jarirai da idonsu bai buɗe ba, kuma abin da ya tsaya tsakaninsu da fako yatsan nan nawa ne da madanni ɗaya. Ku bar mini shi yadda yake. Iyakar roƙona ke nan."

Wata barewa ta share ido. Shi kansa Ɗanrimi sai da ya sunkuyo da wuyansa, abin da bai taɓa yi ba, ya dubi Kuluwa da kyau.

"Abu ɗaya?" ya ce. "Abu ɗaya tak? Innalillahi! Jama'a, mun zalunci 'yar'uwarmu muna zaune. Kowa da duka iri-iri, ita ko naushi babu, kuma babu wanda ya gaya mini? Wannan abin kunya ne ga majalisa. Makau, ina so a yi wa bushiya dukan da ba a taɓa gani ba a dajin nan."

"Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba," in ji Kuluwa. Ina! Tafi ya riga ya ɓarke, kuma muryar bushiya ba ta wuce gwiwar raƙumin dawa ko da babu tafi. Har Magajiya ta taka ƙasa don nuna goyon baya.

Kuluwa ta bi Makau tana roƙon ya nuna mata abin da zai yi. Ya dafa ƙirji ya ce ai ta san al'ada, ba a bayyana gyara sai ranar faɗa, don kada wani ya riga wani koyo. "Adalci ke nan, Inna. Amma ki kwantar da hankalinki, za ki yi mini addu'a." Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, abin haushin ke nan.

Ranar faɗa gindin kuka ya cika maƙil, don labarin sabon duka ya zaga daji. Aka buga turmi na farko. Inuwar ɓauna ta taso, Kuluwa ta kafa ido a kafaɗarta. Kafaɗar ta motsa. Ta danna, daidai lokacin, ko ƙiftawar ido babu tsakani.

Inuwar bushiya ta yi tsalle sama, ta wulwula a iska, wuta na tartsatsi daga ƙayarta, ta miƙe ƙafa da shuri, cikinta a buɗe. Ƙahon ɓauna ya same ta a nan. Rabin jininta ya tafi.

Tirƙashi! Shewar da aka yi har tsuntsaye suka tashi daga kan kukar. Ɗanrimi ya lumshe ido don daɗi.

Kuluwa ta san abin da ya faru, amma yatsanta bai sani ba. Kafaɗa ta sake motsawa, yatsan ya danna da kansa, inuwar ta sake tashi sama da wutarta. Turmi ya ƙare.

"Makau!" ta kira. "Ina dunƙulewar?"

"Tana nan, Inna, wa zai taɓa miki ita? Sabon dukan ne na ɗora a babban madanni, don shi ne na girma. Dunƙulewa kuwa, ki danna na sama da na gefe da na ƙasa gaba ɗaya." Ya nuna mata da dogayen yatsunsa, abin ba wuya. Kuluwa ta dubi nata hannun. Ko biyu daga ciki ba zai haɗa ba.

Ta ɗaga kai wajen Shugaba ta ce a tsayar da wasa. Aka ce mata ba a gyara a tsakiyar shari'a, ta kawo kokenta zama na gaba, majalisa a shirye take ta saurari kowa.

A turmi na biyu ta danne yatsan da ɗaya hannun don kada ya motsa. Ta yi ta ja da baya, tana kauce wa cafka, har inuwarta ta kai ƙarshen allo, babu sauran wurin ja. 'Yan kallo suka fara ihu, "Tsallen! A yi mana tsallen!" Ta hango Laure a gefe ta rufe jariranta da jikinta. Ta gwada kai haɓarta kan madanni na uku, hannun gem ya suɓuce. Kafaɗar ɓauna ta motsa, Kuluwa na ganinta sarai, ta san daidai lokacin da ya kamata, ta ji shi a jikinta ya zo ya wuce.

Da aka tashi Magajiya ta zo ta yi mata sannu, ta ce wallahi ba ta taɓa jin daɗin wasa da ita kamar yau ba. Ɗanrimi ya yi jawabi, ya ce yau an ga amfanin sauraron ƙananan dangi, kuma ba a taɓa yi wa bushiya shewa irin wannan ba tun da aka kafa gem. Kuluwa ba ta yi kuka a wurin ba. Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa ƙarfin yin fushi.

Bushiyoyi suka tashi daga fadamar kafin rana ta yi zafi, amma rana ta same su a hanya. Laure ta isa fako da ɗa ɗaya tak a baki, sauran sun mutu a hanya. Kuluwa ba ta tuna mata wanda ya ce a je majalisa ba. Suka haƙa rami a gindin wani dutse, ƙasar na ƙona musu farce.

Bayan damina wata kurciya ta sauka a fakon, ta ba Kuluwa labarin gida. Ta ce majalisa ta zauna, ta lura inuwar bushiya ba ta ci wasa ko ɗaya ba tun ranar nan, ta ce wannan rauni ya yi yawa. An mayar mata da dunƙulewa kan babban madanni, an mayar da tsawon lokacin, an mayar da zafin ƙaya, har da ƙari. Yanzu babu inuwar da ke iya taɓa ta.

"Wa ke riƙe ta?" in ji Kuluwa.

"Da yake babu bushiya a dajin, an ce kada inuwar ta zauna haka nan," in ji kurciya. "Magajiya ce ta karɓe ta amana. An ce ta koyi haƙuri sosai."