Ba Tamu Ba

A gidanmu na Samaru ni ke raɗa wa mota suna, kuma sai ta kwana bakwai kamar jaririya. Tsohuwar motarmu, Mai Haƙuri, da igiyar da ke riƙe da ƙofarta nake gane ta. Da ɗana Iliya ya sayar da ita ya sayo sabuwa fara, na hana kowa ya kira ta da komai sai na karanci halinta.

Rana ta shida ya kai ni kasuwar Sabon Gari. Ya ce, "Inna, in nuna miki inda zan tsaya?" Na ce ni da ke gane akuyata cikin garke, mota za a nuna mini?

Na fito da kayan miya, na hango fara, na buɗe baya na zauna. Sai warin taba. Nan take na kama kunnen direba na murɗe. "Iliya, taba? Ina raye?"

Ya juyo. Soja ne, ƙato, mai gashin baki. Ya ce, "Mama, wallahi zan daina, sakar mini kunnen."

Iliya na can gaba a cikin tamu motar, ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye.

Washegari na tara kowa don raɗin suna. Kafin in yi gyaran murya, jikoki suka haɗa baki: "Ba Tamu Ba!" Sunan kuwa ya zauna. Har yau, duk Sallah in za mu fita gaisuwa, sai Iliya ya dafe kunnuwansa ya ce, "Inna, duba da kyau, ni ne."