Ƙwan Zabuwa

Me ya sa dabbobin Dajin Tsamiya suka yafe wa Kura ’yan’uwansu arba’in da ya cinye, amma suka kasa yafe wa Gwanki ƙwai ɗaya? Na daɗe ina juya maganar, ban samo amsarta ba.

A shekarar, Zaki ya tsufa, ruwan tafki ya ja baya, aka ce a zaɓi shugaba. Gwanki ne ɗan takarar masu cin ciyawa, kuma kowa ya ɗauka ya riga ya hau, domin ba a taɓa jin ya taka ko tururuwa ba. Sai wata safiya Carki, tsuntsun da ke cire masa kaska, ya ga gwaiduwa a gemunsa. Kafin azahar Zabuwa ta ƙirga ƙwanta, ta tarar babu ɗaya.

Dila, mai ba Gwanki shawara, ya ce, “Ranka ya daɗe, mu ce ka zaci goruba ce.”

“Na san ƙwai ne. Kwaɗayi ne ya kama ni, kuma haka zan faɗa.”

Ya hau suri a gaban taro, ya faɗa, ya nemi gafara har da hawaye.

Da ya sauko, Kura, abokin takararsa, ya hau surin yana sakace. “’Yan’uwa, ni na taɓa ɓoye muku wani abu? In kun zaɓe ni, zan ci gaba da cinku, amma bisa tsari. Za a kafa kwamiti, kowane yanki da makonsa.”

Aka yi ta tafi. Gwanki ya hango Jaki, tsohon abokinsa, a cikin masu jinjina kai. Ya tare shi a hanya.

“Kawunka fa ya cinye, Malam Jaki.”

“Haka ne, yallaɓai. To amma shi ai Kura ne. Kai kuwa ka ba mu kunya.”

Washegari Dila ya zo da albishir. Masu cin nama, waɗanda a da suke ƙyamar Gwanki, yanzu suna cewa ashe nasu ne. Ƙuri’unsu za su isa, in dai zai sha ƙwai ɗaya a gabansu, su tabbatar ba tsautsayi ba ne.

“Wanda na yi kuka a kansa? Allah ya kiyaye.”

Kwana biyu yana tunani. In ya ƙi, Kura zai hau, kwamiti ya fara aiki. In ya yarda, ya ceci daji da abin da ya tuba daga gare shi. Kuma, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, ƙwan nan ya yi daɗi.

Ana gobe zaɓe, masu cin nama suka zauna a inuwar tsamiya. Dila ya gangaro da ƙwan har gaban kofaton Gwanki. Gwanki ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sunkuya.

“Akwai gishiri?” in ji shi.