Shawarar Dattijon Wurma

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Laraba a asibitin da na fara aiki a Dutsin-Ma, farkon shekarun tamanin. A lokacin ina shirin jarrabawar shiga horon likitan iyali, wato likitan da kowane irin mara lafiya yake fara zuwa wurinsa. Ba a karɓar takardar mai neman shiga sai babban likitan da yake aiki a ƙarƙashinsa ya sa hannu, kuma kwana goma suka rage a rufe karɓa.

Babban likitanmu Dakta Okon ne, mutumin Kudu, Kirista, wanda ya daɗe a garin har yana sayen fura ba tafinta. Ya ce kafin ya sa hannu zai gwada ni a kan mutum ɗaya daga cikin masu jiran ganin likita. Ni kuwa na shafe makonni ina haddace babin hanta, don an tabbatar mini cewa daga nan ake yawan ɗauko tambaya. (Wanda ya tabbatar mini ɗin sau biyu yana faɗuwa, amma ban yi la'akari da wannan ba.)

Aka shigo da wani dattijo daga Wurma, ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ya miƙo mini kati. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Likita, shawara ce ta kawo ni."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Shawara! Ciwon da na fi sani a duniya ya kawo kansa har ofis. Na ja fatar idonsa ƙasa, na ga ɗan rawaya-rawaya, irin wanda yanzu na san yana idon kowane manomi da ya haura sittin. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa, "Baba, tsaya tukuna." Na sa shi ya tuɓe riga ya kwanta. Da na danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya zabura, na rubuta cewa akwai zafi a wurin. Daga baya ya bayyana cewa shi mutum ne mai jin cakulkuli.

Sannan na juya ga Dakta Okon na yi bayani da Turanci, mai tsari, mai kai da gindi: musabbabin ciwon guda biyar, gwajin da ya kamata a yi, da dalilin da zai sa a ba shi gado nan take. Ina jin muryata tana yi mini daɗi. Bai katse ni ba. Da na gama, sai ya jawo kujera kusa da dattijon, ya ce da Hausarsa mai ɗan karkata, "Baba, wace shawara kake nema?"

Dattijon ya tashi zaune yana laluben rigarsa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, uwar 'ya'yansa ce mai hawan jini, an ba ta ƙwayoyi a nan watan jiya. Ga azumi ya ƙarato, ita kuma ta rantse ba za ta sha azumi ko ɗaya ba. Shi ne ya tako keke ya ji ko za a iya mayar mata da maganin lokacin sahur da shan ruwa.

Dakta Okon ya ɗauki katin daga kan teburina ya miƙo mini. Hauwa'u aka rubuta a jiki. Ni Bahaushe, haifaffen Kurfi, wanda bai yi Turanci ba sai da ya shekara bakwai, yau mutumin Kudu ne ya fassara mini Hausa.

Dattijon bai yi fushi ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Da aka gama yi masa bayanin maganin, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ɗana, ita hantar tawa da ka gani, in dawo da ita bayan Sallah?"

Dakta Okon bai sa hannu ba a wannan shekarar. Bai yi mini faɗa ba kuma. Ya ce ya gamsu na karanta littafi, saura in ga mutum. Ya ajiye ni wata shida a ɗakin ganin marasa lafiya na waje, da sharaɗi guda: kada in taɓa kowa sai ya gama maganarsa ya yi shiru da kansa. Na ji haushinsa sosai, musamman ranar da abokan karatuna suka hau mota zuwa jarrabawa. Shekara ta zagayo ya sa hannu, na shiga, na ci, ba tare da an yi mini tambaya ko ɗaya a kan hanta ba.

Na sha tambayar kaina ko na warke daga wannan gaggawa, kuma amsar gaskiya ita ce ban warke ba, dabara kawai na koya. Har yau in mara lafiya ya fara magana, sai in zura hannuwana biyu cikin aljihun farar rigata, ba na fito da su sai ya kai aya. Ƙananan likitocin da nake horarwa sun ɗauka ƙasaita ce irin ta manya, wasunsu har kwaikwayona suke yi. Ban gyara musu fahimta ba, tunda hannuwan nasu ma a aljihu suka fi amfani.