Kalmar da Baba Hassoumi Ya Zo Saye

"Lafiya lau, amarya. Sai dai gida ya yi sanyi tun da kika yi yaji."

Baba Hassoumi ke nan, yana saukowa daga zem, wato acaɓa, a ƙofar gidan su jikarsa Mubaraka a unguwar Ladjifarani, da ƙunshin cukun wagashi a hammata. Takanas ya taso daga Djougou. Jikar tasa Sifaniyanci take karantawa a jami'a. Ubanta Habou, ɗan tsohon, ya daɗe a Sifen, har ya haifi Ziyad a can, yaron da in kakansa ya yi masa Hausa a waya sai ya yi zuru.

"Wane yaji?" in ji Mubaraka. "Guduwa na yi. Wa zai zauna da miji ba haƙori?"

"Su na sayar na biya sadakinki. Ke, kalma na zo saye. Yaya ake cewa 'komo gida' da yarensu?"

"Volver. In kira ne, vuelve. Maimaita."

"Bulbe."

"Wayyo! Kamar tulu ya nutse a rijiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tsoho."

"Bakin da ya yi cinikin goro da yaren Dendi da Yom da Fulatanci kike rainawa? Sake faɗa."

Ta sake, ya sake, har ta ɗan zauna a bakinsa.

"To wa za ka faɗa wa?"

"Ziyad."

"Ai ba ta dace ba. Wanda ya taɓa zama a wuri ake ce wa vuelve. Ziyad bai taɓa taka Djougou ba. Ka ce ven, wato zo."

"Baƙo ake ce wa zo. Jinina ba ya baƙunta a gidana." Tsohon ya sunkuyar da kai yana gyara ƙunshi. "Kuma ke da duk bokonki, wa ke riƙe wa yaron waya?"

Mubaraka ta san hannun. Na ubanta ne. Rabonta da shi tun yana raka ta firamare.

Ta danna wayarta don ɗaukar saƙon murya, ta kara masa a baki. Ya yi gyaran murya.

"Ziyad, bulbe."

"Vuelve," ta ce a bayansa, a hankali, kafin ta ɗaga yatsa.

"Af! Ba kin ce ba ta dace ba?"

"Gyara maka nake, kada ka ba mu kunya a Turai."

Ya yi dariya, ya miƙa mata wagashin. "Ungo bikonki."

Ta karɓa tana goge ido da bakin mayafi. "Na komo, ango. Saura mutum biyu."